Mai Yatsu Tara

Djamboutou, Garoua
14 ga Mayu, 2015

Zuwa ga Adda Iyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Ƙafar nan tata tana barinta ta taka zuwa tsakar gida? Yaya ruwa a Banyo? Mu nan hadari yana haɗuwa ya watse, zafi kamar a bakin murhu.

Ki karanta wannan ke kaɗai tukuna, sannan ki zaɓi abin da za ki karanta wa Inna. Na rubuta da ajami yadda Baba ya koya mana, na ba direban ajans, wato kamfanin motocin haya, domin yanzu ba kowace magana ake yi a waya ba.

Rannan da kika kira na ce miki Hamadu yana kan hanya. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Yau kwana goma sha tara rabona da shi. Ya tafi sayen albasa a ƙauyukan bayan Mora kamar yadda ya saba, shi da Louis, direban nan Kirista mutumin kan dutse da suke aiki tare shekara shida. Kwana huɗu suke yi su dawo. Har yau shiru.

Wayar Louis a kashe take. Ta Hamadu kuwa tana shiga. Makon farko ba a ɗauka. Daga baya aka fara ɗauka, amma ba a magana. Ina sallama, ina kiran sunansa, ina rantsuwa cewa ni wansa ne, sai numfashin mutum nake ji, a hankali, kamar wanda ya rufe baki da hannu. Ranar Lahadin da ta wuce na ji wani abu bayan numfashin: ƙararrawar coci, nesa kaɗan. Adda, kwana goma sha tara waya ba ta mutu ba. Akwai mai yi mata caji. Ɓarawo da tuni ya jefar da layin. To wane ne ke ajiye da ita, yana saurarona yana ƙin amsawa?

Na kasa aiki. Jiya na ɗinka wa wani hannun riga a baibai, ni da na yi shekara ashirin a kan keke. Maƙwabcina, tsohon metir ɗin nan da ya bar koyarwa, ya zo ya zauna a bakin shago yana yi mini ta'aziyyar da ba ta zo ba tukuna. Shi dai kullum maganarsa ɗaya ce, wai addini ne uwar kowane yaƙi, wai da za a rufe masallatai da coci-coci shekara goma da sojoji sun koma noma. Da can nakan kore shi da dariya. Jiya ban yi dariya ba. Na tuna yaran dajin nan, waɗanda ba a kiran sunansu da ƙarfi, da kabbara suke yanka mutane. Na ji kaina ya yi nauyi. Allah Ya yafe mini.

Gobe zan kama hanyar Mora. Ki ce wa Inna na je taya Hamadu lodi.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Sulaimanu

Mora
23 ga Mayu, 2015

Adda Iyatu,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Ni jikina lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hamadu ya rasu. Na rubuta shi a nan sama don kada in ja miki rai. Amma kada ki yi kuka da ƙarfi, kada kuma ki faɗa wa Inna, sai kin karanta har ƙarshe.

Daga Maroua zuwa nan na daina ƙirga shingayen sojoji. A kowanne sai an sauke mu. Sukan dubi katina na shaida, su dubi tabon sallar da ke goshina, su sake duban katin. Wanda ya ce sunansa Paul ko Jean an miƙa masa nasa ya koma mota, ni kuwa sai na buɗe jaka, na ɗaga riga. Ban zage su a zuciyata ba. Yara ne su ma, idanunsu jajur, kuma an kashe 'yan'uwansu. Amma abin da ciwo.

Garin nan ba ya kama da gari. Kasuwa tana watsewa kafin azahar. Da tsakar rana za ki bi titi ba ki ji ko kukan jariri ba, sai ƙofofi a rufe, da idanu ta kafar ƙyaure. Mutane ba sa tsayawa su gaisa a tsaye su uku.

A wajen 'yan albasa na samu labari. Ranar da suka juyo da kaya, motarsu ta taka nakiyar da aka binne a hanya, ta kama wuta. Su biyu ne a ciki, babu wanda ya fita, fuskokinsu kuma ba su ganuwa. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka kwaso su. Ɗaya da gicciye a wuya, ɗaya da carbi naɗe a hannu da laya a damtse. Sai aka raba su yadda kowa zai raba: mai gicciye aka kai misiyon, wato wajen cocin Kiristoci, mai carbi aka ba Musulmi. Babu wanda ke da lambarmu, shi ya sa ba mu ji ba.

Na je ƙauyen. Limaminsu, Goni Brahim, dattijo ne siriri mai magana a hankali, shi ya yi wanka gwargwadon abin da jiki ya bari, shi ya yi salla. Ya kai ni kan kabarin, ya miƙa mini carbin da layar a ƙulle cikin tsumma. Adda, carbin Baba ne. Na gane ƙwayar nan ja guda ɗaya da Inna ta sa a madadin wadda ta fashe.

Da nan ya kamata labarin ya ƙare. Na durƙusa na yi addu'a, amma zuciyata ta ƙi sauka a wurin. Kamar na shiga ɗaki ina sallama, mai ɗakin ba ya nan. Ban san abin da ya sa na ciro waya na kira lambarsa ba, ina durƙushe a kan kabarinsa. Aka ɗauka. Numfashin nan dai.

Sai na tambayi Goni ko an ga waya a jikin mamacin. Ya ce babu. Na ce ya tuna ƙafafunsa? Ya ce ƙwarai, ai ƙafafun ko kaɗan wuta ba ta taɓa su ba, shi ya yi musu alwala da hannunsa, yatsa bayan yatsa. Na ce nawa ne? Ya dube ni kamar wanda rana ta taɓa, ya ce goma mana, ɗana, nawa kake so su zama?

Kin tuna ranar da fartanya ta cire wa Hamadu ƙaramin yatsan ƙafar hagu a gonar Kawu Adamu. Ke kika goya shi zuwa gida.

Ban ce wa Goni komai ba. Ki riƙe bakinki har in sake rubutowa.

Naki,
Sulaimanu

Mora
30 ga Mayu, 2015

Adda,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Allah Ya sa kuna lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Na same shi.

Misiyon ɗin yana gindin dutse, tafiyar rabin sa'a daga ƙauyen Goni. Na isa da rana tsaka, babu kowa, ko akuya. Na tsaya a bakin shingen maƙabartarsu ina jin kunyar shiga da hulata. Sai na kira lambar. Adda, kin san ƙira'ar nan da Hamadu ya sa a wayarsa, wadda muke yi masa tsiya cewa ta fi shi tsoron Allah? Ita na ji tana tashi daga tsakiyar gicciye-gicciyen nan.  Ƙafafuna suka bi sautin ba da shawarata ba.

Mace ce zaune a ƙasa gefen wani sabon kabari, da baƙin zane, waya a cinyarta. Ta ɗauka ta kara a kunne tana kallona, ni ma tawa tana kunnena. Muka yi shiru muna jin numfashin juna. Sannan ta ce da Fulatanci, muryarka irin tasa ce.

Sunanta Henriette, matar Louis. Ga abin da ta faɗa mini.

Tun da hanya ta lalace, su biyun suka yi wata dabara. Hamadu yakan rataya gicciyen Louis a cikin riga, in sun zo shingen sojoji ya bar shi ya leƙo waje, ya cusa hula a aljihu, sai a wuce da su ba a zazzage albasa ba. Louis kuwa yakan naɗa carbin Hamadu a hannu, da laya, ya kuma haddace Fatiha, saboda ranar da yaran daji za su tare su. Hamadu ne ya koya masa, a kan tabarmar gidanta, suna yi suna dariya, wai Louis yana karatu kamar mai tauna tsakuwa. Ita da kanta ta sake wa gicciyen igiya don ta kai wuyan Hamadu. Kowannensu yana yawo da kariyar ɗan'uwansa a jikinsa. Ita ta sani, su sun sani, ban da su babu wanda ya sani.

Ranar da abin ya faru tana asibiti a Maroua wajen jinyar uwarta. Kafin ta iso an rufe akwati, an binne. Sai a kwana na uku katekis ɗinsu, wato mai ja musu addu'a in fada, babban limamin cocin, ba ya nan, ya kawo mata abin da aka samu a aljihun mamaci. Tana ganin wayar ta gane wanda ke cikin ramin. Ta gane kuma inda mijinta yake.

Na je wajen katekis ɗin da wata hujja, na ce ina son in ji yadda abokin ƙanina ya cika. Cikin magana shi da kansa ya ce, bawan Allah, ashe Louis yatsu tara gare shi a ƙafa, shekara talatin ban taɓa lura ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na koma na tsaya a kanta na ce me ya sa ta yi shiru wata guda, tana jin ina kiran sunansa kamar mahaukaci? Ta ce kullum takan buɗe baki, sai ta tuna samarin ƙauyen Goni da samarin kan dutse. Tun kafin yaƙin nan suna da tsohuwar rigima a kan fadamar albasa da ke tsakaninsu. Yanzu kowane ɓangare ya kafa 'yan banga da kwari da baka da bindigar toka, kowanne yana zargin ɗayan da nuna wa yaran daji hanya. In aka ji an sa Musulmi a akwati an kafa masa gicciye, ba za a ce kuskure ne ba. In aka ji an naɗe Kirista a likkafani an yi masa kabbara huɗu, su ma ba za su ce kuskure ne ba. Ta ce ta kasa magana, ta kuma kasa kashe wayar, domin duk wanda ke kira haka yana da haƙƙin a ɗauka.

Kullum da safe tana zuwa ta share kabarin, ta yayyafa ruwa. Na ce don me, alhali ta san ba mijinta ba ne? Ta ce to wanne za ta share? Mace ba ta shiga maƙabartarku, balle ni.

Akwai abu guda da ban so in rubuta ba, amma ke ce. Su suna kwantar da mamaci rigingine. Kabarin Hamadu kuwa ya zaftare ta gefe guda, tudun ya karkata, gicciyen ya sunkuya, daidai kamar mutum ya juya a kan shimfiɗa ya kwanta a gefensa na dama. Na tsaya na duba rana, na duba inuwata. Gabas ya karkata. Henriette ta ce sau uku katekis yana miƙar da gicciyen yana cika ƙasa, sau uku yana komawa. Ni mutum ne mai hankalina, na san ruwan farko yana zaftare sabon kabari, na san aikin gara. Amma akwai sababbin kaburbura biyar a layin, nasa kaɗai ya yi haka.

Ni da na ɗinka likkafanin mutanen da ban sani ba sun fi ɗari, ƙanina yana kwance cikin akwati da kwat ɗin aro. Ina son in tone shi, Adda. Ina so ƙwarai. Ki rubuto mini ta hannun direban nan.

Sulaimanu

Djamboutou, Garoua
12 ga Yuni, 2015

Zuwa ga Adda Iyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, kuna shirin azumi cikin rufin asiri. Yaya Inna? Na dawo Garoua shekaranjiya.

Takardarki ta same ni a Mora. Na karanta inda kika ce in tono shi ko da za a yi me, cewa ɗan Malam ba zai tashi kiyama a cikin arna ba, kuma in na kasa za ki faɗa wa Kawu Adamu ya zo da mutane. Ban ga laifinki ba. Da bakina na faɗi irin wannan a gaban matar nan, har da kalmar da kika rubuta, ta sunkuyar da kai. Har yanzu ina jin kunyar abin.

Ban tone shi ba. Ba kuma zan tone shi ba. Ki saurare ni kafin ki yi fushi.

Na je na faɗa wa Goni Brahim komai, mu biyu a zaurensa. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce shi da ya tsaya salla, sunan Hamadu ya ƙulla a zuciyarsa, kuma Wanda ake roƙo bai taɓa ɓatan kabari ba. Ya ce tono yana da hanya a shari'a, amma ba da jinin masu rai ba. Ya ce in na kawo diga maƙabartar misiyon, kafin la'asar za a haƙa sababbin ramuka a ɓangarorin biyu, kuma shi ne zai wanke rabinsu, ya gaji da wanka.

Na ce to Louis fa, da ke kwance a tsakiyar Musulmi? Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ce wata guda ke nan yana can, ban ji maƙwabtansa sun kawo ƙara ba.

Washegari da tsakar rana, lokacin da kowa ya kulle ƙofa, dattijon nan ya taka da ƙafarsa har gindin dutse. Katekis, wanda Henriette ta riga ta faɗa masa, ya buɗe mana shinge ya koma bakin hanya yana gadi. Goni ya tsaya a gaba, ni a bayansa, sahu na mutum ɗaya. Muka yi wa Hamadu salla a kan kabarinsa, da murya ƙasa-ƙasa kamar masu sata. Da muka gama katekis ya zo ya dubi gicciyen da ya sunkuya, ya ce shi ya daina miƙar da shi, a bar mutum ya kwanta yadda yake so.

Daga nan na wuce maƙabartar Musulmi ni kaɗai. Na share kabarin Louis, na zuba ruwa, na jera duwatsu. Henriette ta ba ni saƙo da yarensu, na haddace ba tare da na san ma'anarsa ba, na durƙusa na faɗa masa. Wataƙila ni ma kamar mai tauna tsakuwa na faɗe shi. Goni ya yi alkawarin zai riƙa duba wurin.

Carbin Baba kuma, ki yafe mini, na ba ta. Na san ke ya kamata ki gaje shi. Amma shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa fatar mijinta, ba ta da kabari, ba ta da komai.

Jiya metir ya zo ta'aziyya, ta gaske wannan karon. Bai san komai ba sai cewa nakiya ce. Ya girgiza kai ya ce, ka gani ko, Sule, addini. Na so in ce masa ya yi gaskiya, don in huta. Na so kuma in ce masa ƙarya yake yi, don in huta. Duka biyun sun ƙi fita. Ba zan wanke masu kabbara da wuƙa ba, ba zan ce sunan Allah ba ya cikin abin nan ba, domin da ba a tambayar mutum abin da yake bauta wa kafin a harbe shi, da Hamadu bai rataya abin da ya rataya ba. Amma na ga shanun da ake korawa daji, na ga buhunan da ake kwashewa, na ga fadamar da mutane ke hararar juna a kanta tun kakanni. Nakiyar kuma ba ta tambayi kowa komai ba. Sannan waɗanda suka hana a zubar da jini a ƙauyen nan, liman ne da katekis da mace mai zuwa coci. Na ce wa metir, abin da ke cikin mutum ne, in ya sami riga sai ya sa, wannan rigar kuwa ta fi kowacce shiga. Ya ce wannan ba amsa ba ce, maganar tela ce. Na ce to ita nake da ita.

Yanzu ga abin da za ki faɗa wa Inna, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki: Hamadu ya rasu a kan neman halalinsa, bai daɗe yana shan wahala ba. An yi masa salla, har sau biyu. Yana kwance a gefen damansa. Akwai mai share kabarinsa kowace safiya. Kawu Adamu kuwa, in kin faɗa masa sauran, duk wanda ya mutu a gindin dutsen nan ni da ke za a tambaya.

Wayar na bar ta a hannun Henriette, ni zan riƙa sa mata kati. Mun yi da ita duk Juma'a bayan an sauko za ta je ta zauna a wurin. Ɗazu na kira. Ta ɗauka, ta ajiye a kan ƙasar, na yi masa sallama, na karanta abin da ya sauwaƙa. Ban ji komai ba sai iska, da wani ɗan motsi kamar ƙasa tana zama.

In Inna ta matsa tana son ta yi wa autanta addu'a a kusa, ki kira mata lambarsa, tana nan yadda kika san ta. Za a ɗauka. Ba za a yi magana ba, ki ce mata haka abin yake. Amma ran Juma'a kaɗai, Adda. Kada ki kuskura ki kira ran Lahadi, kunnen Inna bai mutu ba har yanzu, za ta ji ƙararrawa.

Allah Ya jiƙan Hamadu, Ya ba mu haƙuri, Ya kai mu azumi lafiya. Ki gaishe da maigidanki da yara, ki riƙe mini hannun Inna.

Ƙaninki da ya rage,
Sulaimanu